Tsawon Giginyar Baba

Talata, 6 ga Mayu, 2025

Yaya Falalu ya zo daga Kazaure da hantsi. Ko ruwa bai sha ba ya wuce gindin giginya, ya soka makullin babur ɗinsa a jikinta, makullin ya shige har rabi. Gara ce. Na san da ita tun bara, na dai yi ta barbaɗa toka ina gaya wa kaina ta tafi.

Ya ce a sare kafin hadarin farko. Wai ta karkata yamma, iskar hadari kuma daga gabas take tasowa, a yamman nan kuwa ɗakin Maman Purity yake. Angelina ke nan, maƙwabciyarmu, ita da mijinta Michael suna haya. Bayan ɗakinsu shi ne katangarmu ta wannan ɓangaren, a ciki take kwana da jaririya 'yar wata biyar.

Na ce ko ta faɗi ba za ta kai ɗakin ba. Ya ce ta yaya na sani. Na ce ido gare ni. Ya ce shi ma nasa ba na aro ba ne.

Baba ne ya binne ƙwallonta yana yaro don ya ci muruci, sai ya manta bai tone ba. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan. Zauren Baba an rushe an yi na bulo, rijiyar an cike ta, ita kaɗai ta rage a gidan nan da hannunsa ya taɓa. Tun da Baban Shahida ya rasu na dawo Roni, ƙarar ganyenta nake fara ji kullum in na farka. Ba na son a sare ta. Na rubuta a nan tunda a gaban Yaya hujja kawai yake ji.

Da zai tafi ya ce in kawo masa shaida. In ba ta kai ɗakin ba, a kewaye wajen da ƙaya a bar ta da ranta, tunda ba komai tsakani sai akurkin kaji da juji. In ta kai, ran Asabar ashirin da huɗu zai turo Ukasha mai saran itace daga Babura.

To wa zai hau giginyar da gara ta ci ya auno min ita?

Alhamis, 8 ga Mayu

Ikon Allah. Shahida ta dawo makaranta tana neman aron tef ɗina na awo. Na ce na me, don tef ɗin tela ba abin wasa ba ne, ga ɗinkin Sallah ya fara taruwa. Ta ce aikin gida ne Malam Musaddiƙ ya ba su, shi ne mai koya wa 'yan aji ɗaya lissafi da kimiyya. Wai kowa ya auno tsawon wani dogon abu ba tare da ya hau shi ba.

Na kalli giginya, na kalli yarinyar.

Ni da lissafi ba ma ga maciji. A aji uku na ajiye makaranta, kuma abin da ban yi kewa ba shi ne a kira ni gaban allo a miƙo min alli. Ina yanka shadda yadi goma ban ɓata ko taƙi ɗaya ba, amma a rubuta min lambobi sama da ƙasa da layi a tsakani, sai in rasa ta inda zan fara. Shahida ba ta san wannan ba. In ta kawo aikin gida nakan ce idona na ciwo.

Yau dai na ce ta yi min bayani. Wai za a kafa sanda a auna ta, a auna inuwarta, sannan a auna inuwar bishiya. Yadda sanda take da inuwarta, haka bishiya take da tata. Na ce ina ruwan sanda da bishiya, wa ya ɗaura musu aure? Ta ce, "Umma, ai rana ɗaya ce take haska su."

Ina wanke shinkafa ina juya maganar, har na zubar da rabin ruwan a ƙafata.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun auna!

Shahida ta so ta ɗauki muciyata, na ce ta ajiye min abata. Muka zaro kara daga danga, na yanke shi yadda mita ɗaya cif za ta rage a sama bayan an kafa. Ƙarfe goma daidai muka kafa shi a tsakar gida. Inuwarsa santimita saba'in. Na auna sau biyu, yadda nake yi wa mai ƙiba.

Muna ɗaga tef sai ga sallama. Gwaggo Halimatussa'adiyya ce daga Gwiwa, ƙanwar Baba, wadda ba a isa a gajarta sunanta tana ji ba. Za ta suna ne a unguwar gaba ta biyo ta ajiye atamfarta ta Sallah. Muka zube muka gaishe ta. Aka kawo ruwa, ta tambayi Yaya, ta tambayi matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da suna, ta tambayi akuyar da aka yanka tun bara. Ta ce me karan nan yake yi a tsakar gida kamar an binne asiri. Da ta tashi muka yi mata rakiya, Shahida riƙe da jakarta, har bakin titi. A can ma sai da ta tuna da maganar wuyan rigar, ta ɗan tako ta rako mu baya, muka sake mayar da ita.

Muna dawowa muka kama inuwar giginya, daga gindi zuwa inda kanta ya kwanta. Mita bakwai. Tef ɗina gajere ne, sai muna yi muna sa tsakuwa.

Shahida ta zauna a kan turmi tana rubutu, ni kuma ina leƙe. Ta ce in inuwa saba'in ta ba da ɗari, to inuwa bakwai za ta ba da goma. Abin mamaki, na gane. A take na gane, ba wanda ya daka min tsawa. Giginyar Baba mita goma ce.

Sai muka auna daga gindinta zuwa bangon Maman Purity. Mita goma sha biyu.

Saura kaɗan in yi guɗa. Mita biyu ta rage tsakaninta da ɗakin.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na kira Yaya. Na sa Shahida ta karanta masa komai a waya, ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar yana ganina. Ya yi tambaya biyu, ta amsa. Ya ce to, shi ba ya jayayya da lissafi, zai gaya wa Ukasha ya bar zancen. Ya ce in sa ƙayar dai.

Na leƙa ta kan katanga na gaya wa Maman Purity. Ashe abin yana ranta tun ranar da ta jiyo muryar Yaya, kunya ce ta hana ta yi min magana don ta san ta Baba ce. Ta ce yau za ta yi barci da minshari.

Talata, 13 ga Mayu

Goma bisa goma. Shahida ta shigo tana ɗaga littafin tun daga zaure.

An ba su ci gaban aikin: a bar sandar a kafe, a riƙa alamta bakin inuwarta kowace awa daga safe zuwa yamma, a rubuta tsawonta. Ta ce da safe tana makaranta, ko zan yi mata na safen? Na buɗe baki zan ce idona, sai na ji na ce to.

Gaskiya ina son in ga ko inuwar tafiya take yi a hankali ko tsalle take yi. Shekara arba'in ina taka ta ban taɓa tsayawa na duba ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Na jawo keken ɗinki bakin rumfa inda zan riƙa hango karan. Na sa waya a kan teburin keke don duba lokaci.

Ƙarfe takwas inuwar ta kusa mita biyu. Ƙarfe tara, ɗari da sha biyar. Na yi mamakin yadda ta zabge, a awa ɗaya kawai. Ƙarfe goma, saba'in, kamar dai ran Asabar, har na ji daɗi kamar na haɗu da wadda na sani a kasuwa.

Malam kowace awa ya ce. Amma na kasa haƙuri, ina gama hannun riga ɗaya na tashi na je na sake dubawa. Goma da rabi ke nan. Hamsin da uku.

Na tsaya a rana da tef a hannu. Daga saba'in zuwa hamsin da uku a ɗinkin hannun riga ɗaya. Da farko abin burge ni ya yi, ina cewa ashe haka take gudu. Sai Gwaggo ta faɗo min a rai. Gaisuwar, ruwan, akuyar bara, rakiya har titi, rakiyar rakiya. In an yi mata adalci minti arba'in.

Mun auna kara kafin Gwaggo, muka auna giginya bayan Gwaggo. Rana ɗaya ce take haska su, haka ne, amma ba ta tsaya ta jira mu ba.

Na juya bayan littafin awon mutane, na ɗauki fensir. In lokacin da muka dawo inuwar kara ta koma wajen hamsin, to rabin tsawonsa ke nan. Kowane abu a lokacin ya ninka inuwarsa. Inuwar giginya bakwai. Bakwai biyu, sha huɗu.

Bangon yana sha biyu.

Sau uku na yi. Yau ne farkon ranar da na yi lissafi ni kaɗai ba wanda ya sa ni, kuma ban taɓa son lissafi ya zama kuskure kamar yau ba. Na ci gaba da sa tsakuwa: sha ɗaya, talatin da takwas, sha biyu, sha biyar. Da Shahida ta dawo na ba ta lambobin awa-awa. Na goma da rabi na riƙe abina.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban gaya wa kowa ba. Wataƙila Gwaggo ba ta daɗe haka ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Da asuba bayan na idar da salla sai Baba ya zo min a rai, ba wai mafarki ba, tunawa dai. Shekara talatin yana ladanci a masallacin unguwa, agogo bai taɓa ba shi umarni ba. In La'asar ta gabato zai fito fili ya juya wa rana baya, ya dubi inda kan inuwarsa ya tsaya, ya taka zuwa can, dunduniya a bakin yatsa. Yakan ce tsawon kowane mutum tafin ƙafarsa bakwai ne. In inuwa ta cika bakwai, ban da ɗan abin da ya rage mata da tsakar rana, to ta kai tsawon mai ita, sai ya je ya kira salla. Muna yara muna bin bayansa muna kwaikwayo, yana korar mu.

Sai na ce a raina, in da yamma akwai lokacin da inuwa ke daidai da mai ita, ai da safe ma dole akwai irinsa, tunda ƙarfe tara ta fi kara tsawo, ƙarfe goma kuma ta gaza shi. Tana wucewa ta wajen. In na kama wannan lokacin ba sai na ninka komai ba, ba sai na raba ba, ba ruwana da minti nawa Gwaggo ta yi. Inda kan inuwar giginya ya kwanta, nan kanta zai kwanta.

Shahida na fita na shimfiɗa tef a gindin kara, na tsuguna ina jira. Kaji suna ta kallona. Tara da kwata da 'yan mintuna inuwar ta sauka a kan mita ɗaya. Don in tabbatar na miƙe na cire takalmi na taka tawa inuwar irin ta Baba. Bakwai.

Sannan na juya.

Inuwar giginya ta ratsa akurki, ta ratsa juji, ta kai bango, ta hau shi. Kanta yana kwance a kan 'yar tagar ɗakin, ganyen har kusa da bakin kwano, yana motsi. Ta tagar nake jiyo Maman Purity tana yi wa 'yar wasa da yarensu.

Shekara shida kullum sai na ga inuwar nan a bangon nan. A nan nake gane lokacin ɗora sanwar rana ya kusa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Maman Purity ta shigo bayan sun taso daga coci, da kwanon gwaten acca. Ta ce na Shahida ne, tukuicin injiniya. Wai Michael ya so su mayar da katifa ɗakin gaba har damina ta wuce, ta ce masa ina, an auna, goma bisa goma, kada ya sa ta kwana kusa da kayan gyaran babur a banza. Har a coci ta ba da labari.

Shahida sai washe baki take yi. Ni na ce an gode, Allah ya bar zumunci. Na ci cokali biyu ban ji ɗanɗanon komai ba.

Abin da nake gaya wa kaina: shekara saba'in tana tsaye. Ta ga hadarin da ya fi na bana. Me zai sa sai bana?

Abin da ban gaya wa kaina ba sai yanzu da nake rubutawa: makullin Yaya ya shige har rabi, kuma bai ma danna da ƙarfi ba.

Litinin, 19 ga Mayu



Bayan La'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Iska ta taso lokaci ɗaya, ta kwashe wankin da ke kan igiya. Shahida tana Islamiyya. Na fito kwashe kaya sai na ji giginya ta yi wata ƙara daga ƙasa, ba ƙarar ganye da na sani ba, irin ta tsohuwar ƙofa. Busasshen ganye ɗaya ya ɓalle ya faɗo kan akurki.

Na ruga katanga ina kiran Maman Purity. Ta amsa daga cikin ɗakin, wai tana kwantar da yarinya ne. Me zan ce? Na ce ta zo yanzu-yanzu in auna ta, akwai ragowar yadi zan yi mata riga, ta taho da Purity kada ta farka ba kowa. Ta ce a cikin iskar nan? Na ce yanzu nake da lokaci.

Ta zagayo da goyo, tana dariya tana kare ido. Na shigar da ita ɗakina da ke gabas da giginya, na kama aunawa, kunnena yana waje. Na auna tsawo, na auna hannu, na rasa abin da zan ƙara aunawa.

Ta ce, "Maman Shahida, kafaɗar nan sau uku ke nan kina auna ta. Lafiya?"

Na ce lafiya lau. Iskar ta yi kamar rabin awa ta wuce, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Giginya tana nan tsaye. Ta koma gida tana tambayata kalar yadin.

Yau da rana hadarin ya zo, ina gida, na ji. Ba kullum zan samu rigar ƙarya ba.

Talata, 20 ga Mayu

Shahida na fara gaya wa, don littafinta ne. Na kai ta gindin kara na nuna mata tsakuwar goma da rabi, na ce ta tuna Gwaggo. Ta kalli tsakuwoyin, sai ga hawaye. Wai goma bisa gomanta. Ta ce laifin Gwaggo ne. Na ce Gwaggo gaisuwa ta zo, kuma ko gobe ta dawo sai mun raka ta har titi, mu ne dai ya kamata mu sake duba karan da muka dawo. Na nuna mata bayan littafin awo, da yadda na yi irin na kakanta ran Juma'a. Ta bi lambobin da yatsa, ta ɗago ta ce, "Umma, ke kika yi wannan? Ba idonki na ciwo ba?" Na ce ya warke.

Sai Yaya. Na daɗe riƙe da wayar.

Na ce, "Yaya, ta kai."

Ya ce, "Nawa?"

"Sha huɗu."

"In ji wa?"

"In ji ni."

Na shirya jin ai na gaya miki. Bai faɗa ba. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, Asabar Ukasha zai zo.

Na Maman Purity ya fi wuya. Na zagaya ta ƙofa, ban yi ta kan katanga ba. Na gaya mata awon farko kuskure ne, su kwashe katifa yau. Ta ce ai ba komai, kowa yana kuskure, yaushe aka gano? Da na ce jiya da ta wuce. Na ce Laraba.

Ta ƙirga a yatsunta. Ta ce, "Kwana shida." Ta gyara goyonta, ta ce, "Rigar jiya ke nan." Na ce ita ce. Ta shiga ciki ta fara jan katifa. Na ce in kama mata, ta ce ta gode, za ta iya.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Kuma ta yi daidai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Shahida da kanta ta kai wa Malam Musaddiƙ gyaran. Wai ya dafe kai ya ce shi ma da laifinsa, bai jaddada musu a auna biyun a lokaci guda ba. Da ya bincika, rabin ajin haka suka yi. Wani ya auna sanda aka aike shi niƙa, wata ta auna aka kira salla. Ya sa ta ta tsaya gaban allo ta ba da labarin, yanzu duk ajin in mutum ya yi jinkiri sai a ce ya tafi rakiyar Gwaggo. Allah ya sa kada ya kai Gwiwa.

Ya bar mata makinta. Ya ce a gaishe ni, wai a tambaye ni yadda ake yin na ƙafa bakwai ɗin, zai gwada da yara a fili.

Kwana biyu ke nan Maman Purity ba ta leƙo ta katanga ba. Na yanka mata rigar da gaske, atamfa mai ruwan ganye. Ban san yadda zan kai ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na yi niyyar tafiya gidan wata ƙawata har a gama. Na sa hijabi ma. Sai na tsinci kaina a bakin rumfa da tef a aljihu.

Ukasha ya zo da mutum huɗu da igiyoyi. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba mai hawa wannan. Suka harba igiya sama da dutse, suka buɗe dangar kudu inda kangon fili yake, suka ja ta can. Sara bai fi goma ba. Tsattsewa suka watse daga kanta, ta yi ɗan jim kamar tana shawara, sannan ta tafi. Ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjina. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Yaya ma ya juya yana gyaran hula ya daɗe.

Cikinta rami ne, ƙasar gara cike. Ukasha ya nuna min abin da ke riƙe da ita, bai fi faɗin yatsu huɗu ba a zagaye. Ya ce saman lafiya lau yake, za a samu azara mai kyau. Yaya ya ce a yi min rufin rumfa da ita.

Da ƙura ta lafa na fito da tef. Yaya ya ce me kuma za a auna, ai an gama. Na ce ina son in sani.

Shahida tana sa tsakuwa, ni ina ja, sai bakin tef ɗin yana ta zamewa daga gindi. Na sa dutse ya ƙi zama. Ina sunkuye sai na ga hannu ya danne shi. Maman Purity ce, da goyonta. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ja."

Muka bi ta gaba ɗaya, ita tana dannewa ina ja, har kan ganye. Mita goma sha huɗu da taƙi ɗaya.

Ta dubi inda kan ya kwanta, ta juya ta dubi bangon ɗakinta, ta daɗe. Sannan ta ce in rigar ta gaske ce, ita ba ta son dogon hannu.

Litinin, 26 ga Mayu

Gidan ya yi haske da yawa. Na makara ɗora sanwa, ba inuwa a bango.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jiya aka yi ruwan farko, da iska mai ƙarfi, har kwanon wani ya tashi a bayan masallaci. Da safe Maman Purity ta leƙo ta katanga ta ce sun mayar da katifa tun shekaranjiya, Purity ko motsi ba ta yi ba. Rigar ta yi mata, sai dai kafaɗa ta ɗan yi yawa, ta ce abin da aka auna sau uku ke nan.

Sabon aikin Shahida na wake ne: a jiƙa a kwalba biyu, ɗaya a haske ɗaya a duhu, a ga wanda zai fara tsira. Na ƙara ta uku a cikin randa mai sanyi, Malam bai ce ba, ni dai ina son in gani. Karan ma yana nan ban cire ba. Inuwar tsakar rana ta fi ta wancan makon tsawo da ɗan kaɗan, kuma kudu take nunawa. Ban san dalili ba tukuna. Shahida ma ba ta sani ba, na ce ta tambayo.

'Ya'yan giginyar da suka zube ranar sara na tara su a bayan ɗaki. Yau da ƙasa ta yi laushi na binne ƙwallo goma a kangon kudu. Muruci nake so, ba wani abu ba, kowa yana binnewa.

Tef ɗin dama yana aljihuna, shi ya sa na auna. Mita ashirin daga bangon kowa.

In lokaci ya yi zan tone. Ni dai na san na gaji mantuwar Baba.